Mode Mai Fuka da Jar Hular Bariki

A Giyawa aka haifi Mode, kuma tare da shi aka haifi fukarsa, wato ciwon ƙirjin nan da mutanen yanzu suke kira asma. Ba ciwo ba ne mai kwantar da mutum gaba ɗaya har a ji tausayinsa. Sai ya ƙyale ka ka yi wata da watanni kana harkarka kamar kowa, sannan rana tsaka ya shaƙe ka, numfashi ya shiga ya ƙi fita, ƙirji ya dinga fito ana ji daga zaure. Wanda ya gan ka jiya kana ƙyaƙyata dariya a kasuwa ba zai yarda yau kokawa kake yi da rai ba. Shi ya sa tun Mode yana ƙarami sunan da ya fi binsa shi ne raggo.

Gidansu gidan noma ne. Da mahaifinsu ya rasu, wansa Yari ya riƙe gandu, mutum mai ƙirar ƙarfi da ƙarancin magana, wanda bai taɓa sanin tari ba sai in ya ƙware da fura. Mode yana iya shuka, yana iya noma in jiki ya yarda. Amma da kaka ta kama, aka fara girbi, mata suka kafa turame suna sussuka, ƙaiƙayin gero ya tashi, to shi ke nan. Sai a same shi a gindin bango ya dafe gwiwoyi, idanu sun fito, yana neman iska da baki. Dattawan gari, masu hikimar gane ciwon wani daga nesa, sai su ce, "Mode dai ba shi ciwo sai aiki ya zaka."

Maganar nan ta ci masa rai, ya rantse sai ya ci gumin kansa. Ya tafi Wurno wajen masaƙa. Hannunsa ya karɓi sana'ar, har maigidansa ya fara ba shi zaren baƙi ya saƙa, amma a gidan ake shiɓar auduga, kuma burbushinta ba ya tambayar izini kafin ya shiga hanci. Bai rufe shekara ba aka sallame shi da addu'a. Ya gangara bakin Rima wajen masunta, ya koyi tuƙa kwalekwale, ya ji daɗin iskar gulbi ƙwarai. Can ma da kifi ya yawaita aka hura wutar banda, hayaƙi ya turnuƙe, ƙirji ya ce bai san zancen ba. Kowace sana'a ya kama, sai ta nuna masa tana da wata ƙura ko wani hayaƙi da ta ɓoye a bayan ɗaki.

Duk sanda aka sallamo shi, gidan Yari yake komawa. Yari bai taɓa yi masa gori ba, ko da da ido, kuma wannan ne ya fi ƙona Mode. Da a ce ana yi masa faɗa, da ya rama ya huce. Amma a miƙo maka tuwo cikin mutunci, kai da gemunka, kana sane ba ka zuba ko zangarniya ɗaya a rumbu ba, wannan abu ne mai wuyar haɗiya.

Bayan yaƙin Bama aka yi rasuwar tsohon da ke tsaron wani bariki a bakin hanya, kafin a shiga Goronyo. Barikin masaukin Turawan mulki ne in sun fito rangadi: ƙaton ɗaki mai doguwar jinka, da madafa, da turken doki, da 'yar bukkar mai tsaro a gefe. Mai tsaron shi ake kira sarkin bariki, sarautar da ba ta da talaka ko ɗaya sai jemagu. Ba a yi rububinta ba, don wurin bayan gari ne, kuma ba kowa ke son a ce masa baran Nasara ba. Mode ya je ya faɗi gaban hakimi ya roƙa. Aka ba shi jar dara, hular ma'aikatan En'e, ya sa ta ya karkata ta gefe, ya ji kansa ya yi daidai da na kowa.

Aikin kamar don shi aka yi. Ya cika randuna, ya sa a kawo itace da ciyawar doki, ya nemo ƙwai da madara wajen Fulanin rugga, ya kori awaki, ya tari baƙo da fara'a. Ga ɗan albashi, ga shi ba a ɗibarsa aikin hanya. Abin da ya fi duka, malamin ɗakin shan magani na gunduma yana da wasu 'yan fararen ƙwayoyi masu buɗe ƙirji. Ba su da yawa, don haka ma'aikata ake fara ba, talaka sai in sun rage, kuma ba sa ragewa. Mode da ya saba da shaƙar hayaƙin ganyen zaƙami har kansa ya yi ta juyawa, ran da ya fara haɗiyar ƙwayar nan ya ji ƙirjinsa ya saki, sai da ya yi hawaye. A shekarar ya auri Zinariya, 'yar Rimawa, mace mai aiki da hannu biyu da baki mai kaifi. Ranar da ya aika wa gidan Yari da turmin atamfa da goron salla daga aljihunsa, ya yi farin cikin da bai taɓa yin irinsa ba.

Sai dai wannan sana'ar ma tana da tata ƙurar. Ɗakin Bature a rufe yake wata da watanni. Jemagu sun mai da jinkar gidan gado, kashinsu ya taru ya bushe ya zama gari, ga yanar gizo, ga ruɓaɓɓiyar ciyawa tana zubowa. In an aiko cewa Bature na tafe, dole a shiga da doguwar gora a kaɗe jinka, a share, a yayyafa ruwa, a sake sharewa. Karon farko Mode ya ɗaure hanci da rawani ya shiga da kansa. Zinariya ce ta jawo shi waje ta ƙafa, leɓɓansa sun yi baƙi, ko ƙwayar ma da ƙyar ta dawo da shi. Ba ta yi shawara da shi ba, ta aika Giyawa.

Yari ya zo, ya dubi ƙanensa, ya dubi ɗakin, ya tuɓe riga. Ya miƙa hannu ya ce, "Ba ni hulat."

"Mi za ka yi da ita, Yaya?"

"Aikin hula na. Ba a yin shi da kai sake."

Haka ya kifa jar dara a kan ƙaton kansa, ta zauna a tsakiya kamar murfin tulu, ya shiga ya yi wa jemagu ɓarna. Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Da an ji labarin rangadi sai a aika, Yari ya ajiye abin da yake yi ya zo ya yi shara, Mode ya yi sauran. Ba wanda ya ga abin magana a ciki, don haka ake yi tun kaka da kakanni. A Giyawa in an kira gayya mutum ba shi da lafiya, ɗan'uwansa ke ɗaukar hauya ya je, kuma an fita hakkin gidan. In Yari ya taho bariki, maƙwabta sukan leƙa masa gona, a ce ai ya tafi jinya. Aiki na gida ne, duk wanda ke da numfashi a ranar shi ke yi. Turawa suka yi ta zuwa suna tafiya, kowa ya tarar da ɗaki fes, ba wanda ya taɓa tambayar hannun da ya riƙe tsintsiya. Aka yi shekaru a haka, har Zinariya ta haifi 'ya'ya biyu.

Wata damina mai yawan ruwa aka aiko cewa sabon Bature zai sauka bayan Juma'a. Laimar ƙasa da warin ruɓar ciyawa sun riga sun kwantar da Mode. Yari yana tsakiyar maimai, ciyawa na tsere da gero, amma ya jingine hauya ya taho. Shi kuwa Baturen, da ya ji gulbi yana cikowa, sai ya yi sauri don ya riga ruwa, ya iso tun kafin ranar da aka faɗa. Saurayi ne dogo, bai daɗe da zuwa ƙasar ba, irin waɗanda doka ba ta gama hucewa a kansu ba. Tare da shi akwai masinjansa Lawwali, dattijo wanda ya ga Turawa iri-iri, shi ne kuma tafinta. Tun a hanya Lawwali ya gaya masa sunan sarkin barikin Mode, mutumin kirki.

Da hantsi suka shigo, suka yi kiciɓis da wani ƙato yana fitowa daga ɗaki da tsintsiya, jar dara a ka, kashin jemage har gira. Bature ya sa a tambaye shi ko shi ne sarkin bariki.

Yari ya durƙusa ya ce, "Mu na, ranka shi daɗe."

"Mi as sunanka?"

"Yari."

Bai ga abin ɓoyewa ba, don bai san ya yi laifi ba. Da aka tambayi inda Mode yake, ya nuna bukka ya ce yana kwance, fuka ta tashi. Da aka tambaye shi ko yau ya fara wannan shara, ya ce a'a, ai ya daɗe yana yi, kuma ya faɗa da ɗan alfahari. Lawwali yana ta ƙyafta masa ido, Yari ya ɗauka ƙura ce ta shiga wa dattijon.

Aka fito da Mode, Zinariya na riƙe da shi, aka zaunar da shi a tabarma. Ya sunkuya ya dafe gwiwoyi, ƙirji na fito. Baturen ba mugu ba ne, har ya sa kukunsa ya kawo ruwa. Amma ya yi magana mai tsawo, Lawwali ya taƙaita ta yana kallon ƙasa. Gwamnati mutum ɗaya ta ɗauka, mutum ɗaya take biya. Wanda ya karɓi albashi wani ya yi masa aiki, ya kuma ba wani hular hukuma ya sa, ya yi ha'inci.

Kalmar nan ta ha'inci ta doki Mode fiye da ciwon. An kira shi raggo ya jure, amma ba a taɓa kiransa maha'inci ba. Ya ɗago kai, yana magana yana tsayawa neman iska.

"Baba Lawwali, tambaye shi. Ɗakin ga, da tsabta ko babu?"

Aka ce da tsabta.

"Randa da ruwa? Doki nai, ya samu ciyawa?"

Bature ya ce ba wannan ake magana ba. Ya ba da zaɓi biyu. Ko Mode ya tafi Sakkwato likita ya auna ƙirjinsa ya faɗi ko ya isa aiki, ko kuwa a ba Yari hular, tunda shi ke da ƙarfin yi. Kowa a wurin ya san abin da likita zai ce in ya kara kunne a wannan ƙirjin. Zaɓin biyu duk hanya ɗaya suka nufa.

Mode ya ce, "Shekarun ga da ni yi nan, na ga Turawa. Wani zazzaɓi ya kama shi, anka ɗauke shi zuwa ƙasarsu. Wani ya zamna kujera tai, har ya warke ya komo. Ba a tuɓe mai hula ba. Ba a ce ya yi ha'inci ba. Mi ya raba ƙirjina da nashi?"

Lawwali ya gyara rawani. "Mode, wagga magana ba ta kaiwa."

"Kai ta, Baba. Awa yadda ni hwaɗe ta."

Lawwali ya kai ta. Fuskar Baturen ta yi ja har kunne. Ya ce wannan hutu ne da doka ta tsara wa manyan ma'aikata, doka ba ta tsara wa mai tsaron bariki ba, kuma ba shi ya rubuta ta ba. Gaskiya ya faɗa, ba shi ya rubuta ba. Ya ce yana son amsa kafin ya tashi gobe, ya shige ɗakin da Yari ya share masa.

Da la'asar Lawwali ya zagayo bayan bukka, ya same su su uku. Ya kawo shawara irin ta wanda ya daɗe a bakin aiki. "Ku saurara, ɗiyana. Yari shi amshi hulat. Bature ba shi daɗewa, bana wanga, baɗi wani. Suna na Yari, aiki na Mode, albashi shi shigo gida ɗaya. Ƙwaya ma Yari shi je shi amso da sunan aiki, malamin magani namu na. Ran da anka yi baƙo, Mode shi ɗan kauce bayan ɗaki har a tahi. Shi ke nan, ba wanda ya rasa komi."

Shawara ce mai kyau, duk mai hankali zai karɓa. Yari ya ce ya yarda. Zinariya ta ce Allah shi saka wa Baba da alheri. Aka juya ana kallon Mode.

"Ban yarda ba," in ji shi.

Zinariya ta saki baki. "Malam, ka ji abin da anka ce kuwa? Ƙwayat fa?"

"Na ji. Aikin ga da sunana ni same shi, da sunana ni riƙe shi. Yanzu in koma ina laɓewa bayan ɗaki awa ɓarawon kaza, cikin aikina? Yaya shi amso albashi shi miƙo mani? To mi ya raba wannan da zaman Giyawa? Da can ban yi ha'inci ba. In na yi wanga, na yi."

"Ha'incin ka ka gudu, ko numhwashi ka ka so?" in ji Zinariya. "Ni ka jawo ka ta ƙahwa in ta tashi. Ni ka zama ina kallon bakinka shina baƙi. Kai ba ka ganin kanka, ni ka gani."

Wannan ta shige shi, don gaskiya ce, kuma tsoro yake ji ƙwarai. Ya san daren damina ba ƙwaya, ya san yadda zaƙami ke yi wa kai. Ya juya ya dube ta. Sannan ya ce mata a hankali ta yi haƙuri, ya san ita zai ɗora wa wahala, amma ba zai iya ba. Ta tashi ta shige bukka, aka ji tana ajiye tukwane da ƙarfin da bai kamaci tukwane ba.

Da safe, ana ɗaura wa dokin Bature sirdi, Mode ya karɓi jar dara daga hannun Yari. Ya kaɗe ta, ya goge da hannun riga, ya taka da ƙafarsa ba mai riƙe shi, yana tafiya yana hutawa, har gaban Baturen. Bai durƙusa ba, kuma ba don ƙirji ba. Ya ɗora ta a kan teburin da ke ƙofar ɗaki.

"Baba Lawwali, gaya mai ba tuɓe ta anka yi ba. Ni na aje."

Bature ya dubi Yari. Yari ya girgiza kai ya ce shi manomi ne, gero na jiransa. Sai Baturen ya ce a gaya wa hakimi ya nemo wani, a kuma ba su lokaci su kwashe kayansu. Ya hau doki suka tafi, Lawwali na waiwaye.

Yari ya fara ɗaure tabarmi. Ya ce ɗakin Mode na nan a Giyawa, sai dai a gyara danga, hatsi kuma akwai, ba abin da zai gagara.

Mode ya ce, "Aje kayan ga, Yaya. Ba ni zuwa Giyawa."

"Ina za ka?"

Ya nuna tsallaken hanya. Akwai wata tsohuwar tsamiya a can, wajen iyakar bariki, inda fatake masu jakuna ke yada zango in sun fito daga Rabah ko Achida da albasa da gishiri. Shekara da shekaru yana kallonsu suna neman ruwa da ciyawa da mai dafa musu abinci, ba mai kula su. Tarar baƙo kuwa ita ce sana'ar da ya iya. Ya ce rumfa zai kafa, ba bango, ba doguwar jinka, iska ta shiga ta fita yadda take so.

Yari ya ce damina ce, ba a fara irin wannan da damina. Mode ya miƙe. Ya ɗauki dagi ya tsallaka hanya, ya zaɓi wuri, ya fara haƙa. Ya yi sara kaɗan numfashi ya ƙare, ya dafa dagin ya sunkuya, ƙirji na fito har Yari na ji daga inda yake. Da ya ɗan samu iska ya ci gaba. Yari ya tsaya yana kallo, ya tuna gonarsa da ciyawa ke ci, ya yi tsaki, ya saɓo dirka ya bi shi. Ya miƙa hannu zai karɓi dagin.

"A'a," in ji Mode. "Kai riƙe dirkat. Ni ka tono."

Yari ya riƙe. Ramin da shi zai gama kafin a sha ruwa, sai da rana ta take tsaka ana yinsa, kuma Yari bai saki dirkar ba. Can sai ga Zinariya ta tsallako da tulu a ka da goyo a baya, fuska a murtuke. Ta dire tulun a gindin tsamiya, ta dubi ramin, ta ce ya karkace, kuma in nan za a sa murhu to hayaƙi a kan Mode zai ƙare, a mai da murhun yamma. Aka mai da shi yamma.

Zangon ya kafu, fatake suka san shi, ya ci da gidan har 'ya'ya suka girma. Ba a yi arziki ba, kuma ba a yi roƙo ba. Mode bai ƙara ganin farar ƙwayar nan ba sai jefi-jefi, in Lawwali ya biyo ta hanyar da guda biyu a ƙulle a bakin rawani. Damina ta yi ta ba shi wuya, Zinariya ta yi ta jinya tana faɗa, kuma har ta tsufa ba ta taɓa cewa ya yi daidai ba. Fukar ba ta sake shi ba, ita ce ma ta zama ajalinsa tun bai tsufa sosai ba. Amma da ta zo ɗaukarsa, a ƙarƙashin rumfarsa ta same shi, ya cika randuna, baƙinsa sun ci sun ƙoshi.